Hannun da ke Ɗaure Cikin Uwani

Ina tsaye gaban allo da hantsi, ina rubuta wa 'yan aji biyu jimlar da za su kwafa, sai na hangi an jingine keke a gindin ceɗiyar makarantarmu ta Ikara. Wanda ya sauka Ilu ne, maƙwabcinmu na Kudan, ƙafafun wandonsa a naɗe, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Mutumin Kudan ba ya tuƙo keke ya ratso Makarfi har Ikara don gaisuwa kawai, saboda haka tun bai buɗe baki ba na san abin da ke tafe da shi. Duk da haka sai da muka gaisa sosai. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ni kuma na tambayi rake da mutanen gida. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Sule, sai haƙuri. Inna Kulu Allah ya yi mata cikawa jiya da azahar. An kai ta kafin magariba."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji bakina ya faɗa, kamar wani ne a gefe yake faɗa. Na koma aji na ƙarasa jimlar da na fara, na sa aya, na kakkaɓe alli daga hannuna, sannan na je na sanar da hedimasta. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ina jin abin bai iso ba ne tukuna. Kuma ina jin nauyin faɗin wannan, amma haka aka yi: kafin fuskar mahaifiyata ta zo mini a rai, wata tambaya ce ta riga ta zuwa. Wa ya ɗaure wa Uwani ciki yau da safe?

Uwani yarinya ce 'yar shekara huɗu da ke hannun Inna. Ita ce 'yar farinmu, ni da matata Dije, kuma sunan Inna aka sa mata. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ana zancensa ba ka sa baki. Dije kuwa 'yar Kurmin Kogi ce, jinin Fulanin da suka zauna suka kama noma, kunyarsu ta ninka tamu. Ko nono sai an yi da ita take ba yarinyar, fuskarta na kallon bango. In wata ta yi suɓutar baki ta ce mata "ga 'yarki can na kuka," sai ta tashi ta bar wurin. Haka aka yi wa iyayenmu, haka su ma suka yi wa yayyenmu, ba wanda ya ga aibu a ciki. Yabon Dije ma ake yi, ana cewa ta sami tarbiyya.

Da lokacin yaye ya yi, aka kai yarinyar Kudan wurin kakarta kamar yadda aka saba. Ba ta daɗe da fara cin tuwo sosai ba cikinta ya soma kumbura. Sai ta tsuguna tana nishi tana kuka, abin da zai fito ɗan kaɗan ne, siriri. Inna ta yi abin da kowace tsohuwa za ta yi. Ta ce basir ne, ta jiƙa sassaƙe, ta karɓo rubutu, ta hana ta gyaɗa. Watanni suka tafi a haka, kuma daga baya Inna ba ta son a tuna mata da su. Sai wata safiya, tana yi mata wanka a bayan ɗaki cikin hasken rana, ta kifa ta a cinya ta duba da kyau. Inda ya kamata a ga dubura, fata ce shafe, sai ɗan lotsawa kamar an danna da yatsa. Ashe tun haihuwa bayan gidan ta wata 'yar ƙaramar kafa yake fita, can gaba, kusa da mafitar fitsari. Muddin tana shan nono yana da laushi, yana wucewa. Tuwo ne ya tona asirin.

Mutum zai tambaya yadda aka yi shekara biyu ba wanda ya gani. Ungozomar da ta yi mata wankan makon farko tsohuwa ce, cikin ɗaki mai duhu take aikinta, ta ga kashi a tsumma ta gode Allah. Saura mutum ɗaya. Inna ta hau mota ta zo Ikara da kanta, ta shiga ɗakin Dije ta saki asabari, suka daɗe. Da ta fito ta kira ni zaure ta ce, "Ta gani tun cikin arba'in. To wa za ta gaya wa? Da wane baki? 'Yar fari, kuma a irin wannan wuri. Ta haɗiye abin ita kaɗai tana kwana da shi. Sule, in ka tayar mata da wannan magana ban yafe ba." Ban taɓa tayarwa ba. Na rubuta shi nan ne don Dije da kanta ta ce in rubuta, ko a karanta wa wata ta ji ta buɗe baki da wuri.

Ba zan ce Inna ta san abin yi nan take ba. Wanzamin gidanmu, wanda ya yi mana kaciya duka, ya ce zai iya buɗe wurin da aska. Yayana na gida, wanda muke kira Yaya Babba, ya yarda. Inna ma ta yarda, har aka sa rana. Ran nan wanzami ya zo ya shimfiɗa zabirarsa a tsakar gida, ya fara wasa aska a tafin hannu. Inna na zaune da yarinyar a cinya, ta dube shi ta ce, "Ka taɓa yi?" Shi kuma, Allah ya saka masa, bai yi mata ƙarya ba. Ya ce, "Sau ɗaya, Kulu. Jinjiri namiji. Bai kwana ba." Ta kunce bakin zane ta ba shi goro biyu ta ce ya gaida gida. Kashegari ta goya yarinyar zuwa ɗakin magani na Makarfi. Malamin asibitin ya duba, ya wanke hannu, ya ce, "Iya, wannan ya fi ƙarfina. Sai Zariya, kuma kada ki jira kaka."

Aka yi ta surutu a Kudan. Wasu suka ce duk wanda ya shiga asibitin Turawa aka sa masa wuƙa ba ya fitowa da ƙafarsa. Wasu suka ce halittar Allah ce, gyara ta jayayya ce da Mai halitta. Inna ba malama ba ce, iyakar karatunta abin da take salla da shi, amma amsarta ɗaya ce ga kowa: "Wanda ya halicce ta shi ya halicci mai wuƙar." Mace ce mai tsoron mota ƙwarai. In ta shiga sai ta rufe ido ta kama ƙarfe tana salati har a sauka. Haka ta rufe idon aka kai ta Zariya.

Na same su can da aka yi hutun makaranta. A gabana likita, wani Bature mai furfura a gira, ya yi mata bayani ta bakin tafinta. Ya ce irin wannan haihuwa ba kasafai ake samunta ba, amma ya taɓa gani, maza da mata. Ya ce wasu har mafitsara da ƙoda abin ke taɓawa, ita dai ya bincika ya ga Allah ya tsare wannan ɓangaren. Aikin kashi uku ne. Na farko, za a huda gefen cikinta na hagu a fito da bakin hanji, bayan gida ya riƙa fita ta nan, ta huta ta yi ƙwari. Na biyu, za a yi mata hanya a inda ya kamata ta kasance. Na uku, in hanyar ta warke ta buɗe sosai, a mayar da hanjin a rufe cikin. Inna ta sa aka maimaita mata, tana lanƙwasa yatsu. Sannan ta ce wa tafinta, "Tambaye shi, tsakanin wannan da wannan, in ya sallame mu, wa ke aikin?" Tafinta ya faɗa. Likita ya nuna ta da yatsa, ba a ma bukaci fassara amsar ba.

A ɗakin da aka kwantar da su akwai wani yaro daga wata ƙasa can kudu da Zariya, wanda aka haifa da mafitsara a waje, ja wur a ƙasan cibiya, fitsari na ɗiga dare da rana. Uwarsa ba ta jin Hausa sosai, kuma sauran matan ɗakin sun janye tabarminsu daga wurinta. Inna ta ja tata tabarmar ta kai kusa, suka riƙa cin abinci a ƙwarya ɗaya suna magana da hannu. Da na zo dubiya ta ce mini, "Ka ga, mun zaci mu kaɗai aka zaɓa. Ashe layi ne." Ban san abin da ya sami yaron ba daga baya. Inna ta riƙa sa shi a addu'a da sunan "ɗan matar nan," don ta kasa riƙe sunansa.

Bayan aikin farko suka koma Kudan da wani jan nama kamar bakin tulu ɗan ƙarami a gefen cikin yarinyar, kuma daga nan rayuwar Inna ta koma kansa. Abin ba ya jiran lokaci, ba ya jin a riƙe. Dole a rufe shi da auduga, a naɗe cikin da ƙyalle, in ya ɓaci a kunce a wanke a sake. Ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta yi maɗaurai. Da suka ƙare ta sa almakashi a saƙin da aka kawo ta gidan mahaifinmu da shi, wanda ta adana tun muna yara ba ta bari ko taɓawa mu yi. Audugar da kanta take gurzawa ta cire iri, ta tafasa, ta shanya. Ta ware tukunya guda don wannan aiki kaɗai. Fatar gefen wurin takan saɓule in ƙazanta ta daɗe a kanta, don haka ba ta rabuwa da man kaɗe. Wanda ya leƙa gidanmu a shekarun nan biyu, abin da zai fara gani shi ne igiya daga rumbu zuwa bishiyar lemo, cike da ƙyallaye.

A da Inna sana'arta alewa. Kudan garin rake ne, tana sayen mazarƙwaila ta narka ta ja, kuma alewarta ta yi suna har Hunƙuyi. Ba wanda ya ce mata komai. Yara ne kawai suka daina sallama da safe. Ta gane, ta kife faifan, ta koma kaɗi. Ta daina zuwa biki da suna, don ba ta da wanda za ta bar wa yarinyar, in kuma ta tafi da ita sai ta ga ana matsawa. Abin da ya fi damunta salla ce. Ta aika aka tambayo mata liman hukuncin najasar da ba ta rabuwa da tufafinta, daga nan ta keɓe zane ɗaya ta rataye a turke, ba ta taɓa shi sai za ta yi salla.

Kada a ɗauka mace ce mai sanyin hali. Inna tana da baki, duk Kudan an sani, kuma goronta ba ya fita banza. Wata maƙwabciya ta taɓa shigowa tana toshe hanci da gefen mayafi. Inna ta ce mata, "Sauke mayafin, Talatu. Naki ma haka yake, rufin asiri Allah ya yi miki ya sa shi a baya." Matar ba ta sake shigowa ba, Inna kuwa ko a jikinta. Ni ma na sha nawa. In na zo hutu na tsaya nesa ina gaishe ta tana cikin wanki, sai ta ce, "Malamin boko, matso, ba ya cizo." Na taɓa tambayarta ko warin ba ya damunta. Ta ce, "Abin da ka wanke da hannunka ba ya yi maka wari." Ta ci gaba da matse ƙyallenta.

Da yarinyar kuwa wasa suke yi irin na kaka da jika. Takwara take kiranta. Ta sa wa abin cikin suna Baƙo. Da safe sai ta ce, "Takwara, Baƙonki ya tashi? Zo mu ba shi ruwan wanka." In yarinyar ta dawo daga ƙofar gida tana kuka yara sun tsokane ta, sai ta ce, "Rabu da su. Baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya tafi. Su kuwa da munin halinsu za su tsufa." Da wannan ta raine ta har yarinyar ta yarda cewa abin na tafiya ne.

Bara bayan damina aka yi aiki na biyu, ya yi kyau. Amma ya zo da wani sabon nauyi. Sista ta ba Inna wasu 'yan ƙarafa masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, ta nuna mata yadda za ta shafa wa ɗaya mai ta sa a sabuwar hanyar kowace safiya, in ta saba da wannan a koma na gaba. Ta gargaɗe ta cewa sabuwar hanya tsukewa take yi in an bar ta. In ta tsuke sai an sake yanka, kuma na biyu ba ya kai na farko kyau. Abin da zafi. Yarinyar takan yi ihu har a ji a zaure. Inna takan ɗaure fuska tamau ta yi abin da za ta yi, ta wanke ta, ta ɗaure mata ciki, ta ba ta ɗan guntun mazarƙwaila. Sannan ta zagaya bayan rumbu ta zauna ita kaɗai na ɗan lokaci. Ba ta taɓa fashi ba, ko ran salla. Likita ya ce a kawo ta bayan kakar bana a rufe cikin. An riga an fara yankan dawa lokacin da Ilu ya jingine kekensa.

Akwai wani abu da Inna ke yi in mun zo hutu, wanda da farko ya ɓata mini rai. Duk safiya in za ta yi wannan aiki sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke Dije, kawo ruwan ɗumi." In ta kawo za ta juya, sai ta ce, "Ina za ki? Tsaya ki zuba mini. Riƙe ƙafafun nan, hannuna ya gaji." Dije takan tsuguna ta riƙe, kanta a ƙasa, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Na sami Inna ita kaɗai na ce, "Inna, kin san tana jin nauyi." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kunya ado ce, ba a ɗaure ciwo da ita. Kuma ni ban ce ta kula da 'yarta ba. Aikina na ce ta taya ni. Ka taɓa jin inda suruka ta ƙi aiken uwar miji?" Sai na gane. Ta ba Dije mayafin da za ta fake a ciki ta ga yadda ake yi, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Iyakarsa ke nan dai. Dije ba ta taɓa yin aikin daga farko zuwa ƙarshe ba, ba ta taɓa yi wa yarinyar magana ba. Uwani kuwa Yaya Dije take kiranta, yadda ta ji yaran gidan na faɗa.

Ciwon ajalin bai daɗe ba. Haƙarƙari ne ya riƙe ta, da zazzaɓi da tari. Yayata Lami, wadda ke aure a Makarfi, ita ta zo jinya. Ta ce har safiyar ranar ƙarshe sai da Inna ta sa aka jingina ta da bango ta yi wa takwararta aikinta. Na tambayi Yaya Lami ko ta bar wasiyya a kan yarinyar. Ta ce babu. Ba ta zaci tafiya za ta yi ba. Maganarta ta ƙarshe da aka gane, tambaya ta yi ko wace rana motar Zariya ke bi ta Hunƙuyi yanzu.

Muka iso Kudan kashegarin samun labari, ni da Dije da jaririnmu na goye, a bayan motar auduga. Garin yana nan yadda yake. Dawakai na zagaya injin matse rake a bakin fadama, ƙanshin ruwan rake da ake dafawa ya cika ko'ina. Na wuce maƙabarta na tsaya a kan sabuwar ƙasa da aka jera wa ƙaya. Na yi addu'a. Na tarar da kaina ina duba ko an jera ƙayar da kyau. Daga nan na koma zaure na zauna kusa da Yaya Babba, mutane na shigowa suna cewa ya haƙuri, muna cewa mun gode Allah. Na ji ana faɗin alherinta, wasu ma daga cikin waɗanda suka daina sayen alewarta. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba.

Uwani kuwa ta shige ƙarƙashin rumbu ta ƙi fitowa. Yaya Lami ta yi iya ƙoƙarinta ta sauya mata ƙyalle ana kokawa, amma ɗaurin bai zauna ba, fatar gefen ta fara saɓulewa. Ƙarafan nan suna cikin wata ƙwarya a ɗakin Inna, tun ranar rasuwar ba wanda ya taɓa su. Ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwa, na san kowace safiya da ta wuce hanyar nan ƙara tsukewa take yi.

Ran sadakar uku da safe, bayan an yi addu'a an watse, Yaya Lami ta aiko a kira ni cikin gida. Mata na zaune a tsakar gida, da Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce babba yanzu. Maganar yarinyar ake yi. Yaya Lami ta ce, "Ni ɗaurin zan iya koya, Gwaggo. Amma ƙarfen nan wallahi ba zan iya ba, ko kallo na kasa yi. Kuma kin san maigidana." Matar Yaya Babba ta zuba wa ƙasa ido. Gwaggo Abu ta tauna goro ta ce, "To a bar ta haka mana. Ba ga shi tana ci tana sha da hujin cikin ba? A daina azabtar da marainiyar Allah. Kulu ce mai taurin kai, ta kuwa tafi." Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, tausayi ne irin nata. Amma na san abin da hakan ke nufi: yarinyar za ta girma da ƙyalle a ciki har ta mutu, kuma duk abin da Inna ta yi ya tafi a banza.

Ni da nake wuni ina magana a gaban aji, na buɗe baki na ce, "Likita dai ya ce," sai muryar ta tsaya nan. Bisa al'ada ko zama bai kamata in yi ba inda ake wannan zance. Dije na can baya, jikin bango, mayafi ya rufe rabin fuskarta, jariri a cinya. Ba wanda ya dube ta. Ba wanda zai nemi wannan daga gare ta, don neman ma cin fuska ne.

Sai ta miƙe. Ta zo ta ajiye jaririn a cinyar Yaya Lami. Ta shiga ɗakin Inna, inda ba ta taɓa shiga ba sai an kira ta, ta fito da ƙwaryar. Ta ɗauki tukunyar nan ta ɗora a murhu ta gyara wuta. Gwaggo Abu ta ce, "Ke Dije! A gaban surukanki?"

Dije ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Mai aikena ta tafi, Gwaggo."

Yaya Lami ce ta ce a hankali, "Ƙyale ta, Gwaggo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da ruwan ya yi ɗumi Dije ta je ta durƙusa a bakin rumbu ta ce, "Uwani, taso." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ran nan. Daga ƙarƙashin rumbu yarinyar ta ce, "Inna nake jira." Dije ta ce, "Inna ba za ta zo ba. Ni ce." Ta miƙa hannu ta jawo ta, tana shure-shure tana kiran Inna, ta rungume ta ta zagaya da ita bayan ɗaki.

Ya kamata in koma zaure. Na tsaya a jikin zana. Na ji ihun da na saba ji, ya ma fi na da tsawo. Daga baya Dije ta gaya mini ƙarfen da Inna ke sawa ya ƙi shiga, hanyar ta riga ta fara tsukewa, sai da ta koma ƙaramin da aka bari tun watannin farko. Can ihun ya koma shessheƙa. Na ji ƙarar ruwa, na ji ana matse ƙyalle. Sai na ji muryar yarinyar, tana jan numfashi tsakanin kalmomi, ta ce, "Yaya Dije, ba haka Inna ke yi ba. Sai ta hura wurin tukuna, sannan ta ɗaure."

Sai Dije ta ce, "To koya mini."

Bayan sadakar bakwai muka taho da ita Ikara. Na ji an ce a Kudan ana cewa matar Malam Sule ta zubar da kunya, kuma mahaifiyar Dije ta aiko daga Kurmin Kogi cewa ranta bai yi daɗi ba. Dije ta saurari saƙon, ta ba ɗan aiken ruwa, ta koma ta kwashe shanyarta. Har yanzu ba ta komo kan ƙarfen da Inna ta kai ba, saura ɗaya. In an yi sadakar arba'in za mu tafi Zariya. Ban san abin da likita zai ce ba.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u Kulu ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, da kaifin harshenta, da watannin da ta ɓata cikin rashin sani tana neman magani. Ka wanke ta daga zunubi yadda ta yi ta wanke abin da wasu suka kasa ko kallo. Ka yalwata mata kabari, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarta, ita da mahaifinmu da dukan Musulmin da suka riga mu. Ka ba Yaya Babba da Yaya Lami da Gwaggo Abu haƙurin rashinta. Ni ma, in kukan ya tashi zuwa, ka ba ni ikon ɗaukarsa. Ka ƙarfafa hannun Dije, ka sanyaya zukatan masu ganin laifinta. Ka ba yarinyar nan lafiya, ka raya ta. Ka sa in likita ya duba ya ce aikin Inna bai ɓaci ba. Amin.